Takalmi Ba Safa

'Yata ta fari ce ta tono maganar. Ranar Lahadi ce, ranar da ba na zuwa shago, ina zaune a falo na tsoma ƙafafuna cikin ruwan ɗumi saboda tsayuwar kwana shida a gaban injin guga. Ta zo ta miƙo min wayarta, ta ce da Turanci, don ita Hausa tana ji amma ba ta mayarwa, "Baba, wannan ba shi ne wanda Mama ta ce kun yi makaranta tare ba?"

Na karɓa na nisanta wayar da idona. Shi ne. Furfura ta fito masa a gefe, ya yi 'yar ƙiba, yana zaune a bakin teburi ya harɗe ƙafa, idon sawunsa a waje. Takalmi ba safa, har yau. Mujallar tsofaffin ɗaliban kwalejin ce ta yi hira da shi.

"Shi ya yi makaranta," na ce. "Ni wanki na yi."

Ta ce kamfaninsa na tufafi yana ɗaukar sababbin ma'aikata a sashen zane, ita kuma abin da ta karanta ke nan, ga shi wata bakwai da gamawa tana zaune a gida tana tura takardu ba amsa. Ta ce in da zan yi masa magana, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a kira ta ko ganawa ce a yi. Yarinyar nan tunda ta yi wayo ba ta taɓa roƙona wani abu mai nauyi ba. Uwarta tana kicin, na ji ta rage famfo don ta ji amsar da zan bayar.

Na ce zan duba.

Kwalejin ta 'ya'yan masu hali ce, a cikin birnin nan na Amurka da muke zaune, da katanga da ciyawa da tsofaffin gine-gine waɗanda ganye ya hau jikinsu. Ni ta ƙofar baya na shige ta. Wani ɗan Kumasi da muke sallah tare a unguwar Tremont shi ya samo min aiki a ɗakin wankin ɗalibai, can ƙarƙashin ƙasa. Ƙa'idar wurin, ma'aikaci yana iya zama a aji ɗaya ko biyu kyauta. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare a Kano, na yi jarrabawar cike gurbi a nan, na shiga ajin rubutun Turanci. Iyakar karatun da matata take faɗa wa yara ke nan.

Ubana mai wanki da guga ne a Fagge. Na tashi na san mutum ta kayansa. Mai hali shaddarsa tana ɗaukar ido, karin gugarsa a tsaye, takalminsa ya sha mai. In ka ga babban mutum da yamutsattsiyar riga to ka tambayi lafiyarsa. Da wannan sanin na sauka ɗakin wankin nan, na fara buɗe jakunkunan 'ya'yan attajiran Amurka, kaina ya ɗaure.

Riguna masu kauri da maɓalli a bakin kwala, shuɗinsu ya koɗe. Wando ja da ya koma ruwan hoda kamar an manta shi a kan igiya damina guda. Wani wandon da zanen ƙananan agwagi a jikinsa, na ƙato mai gemu. Kwat da faci a gwiwar hannu. Safa kuwa sai in gama jaka uku ban ga ƙafa ɗaya ba. In na hau sama shan iska sai in gan su suna wucewa, kowa ya rataya suwaita a kafaɗa ya ɗaure hannayenta a ƙirji, ana sanyi amma ba zai saka ba. Akwai wanda takalminsa ya buɗe baki ya naɗe shi da salatif, kuma an ce min ubansa yana da jirgin ruwa nasa na kansa.

A makona na biyu wani dogon yaro mai jan gashi ya kawo riguna biyar. Ɗaya kwalarta ta cinye, zare duk ya fito. Na tausaya masa, na ce wannan a cikin masu kuɗin shi ne talakansu. Na farke kwalar na juya ta, yadda ubana yake yi wa malaman firamare, na ɗinke da hannu, na sa sitati na goge. Da ya zo ya ɗaga rigar, fuskarsa ta koma kalar gashinsa. Ya ce rigar kakansa ce, mutum uku suka sa ta kafin kwalar ta kai inda ta kai. Shugabar ɗakin wanki ta tsayar da ni a gabansa ta ce in ba shi haƙuri. Na bayar. Na ba mutum haƙuri saboda na gyara masa riga.

Shi mutumin nawa a sallar Juma'a na fara ganinsa, a wani ɗan ɗaki da aka ba Musulmi a bayan laburare. Ɗan Kano ne, ubansa hedimasta, ƙwaƙwalwarsa ce ta kawo shi ba aljihun kowa ba. Ya zo da kwat ɗinkin Sabon Gari mai sheƙi, kafaɗunta sun fi nasa faɗi, da farar safa. Kullum ita yake sawa. Yaran suna tambayarsa wa ya mutu. Shi kaɗai yake cin abinci. Da ya gane ina ƙasa sai ya riƙa saukowa, ya zauna a kan kwandon kaya, mu yi Hausa, ya sa hannu a dambun da na zo da shi. Na ba shi labarin kwala, ya yi dariya har ya sarƙe.

Shi ya ce min ƙungiyar ɗaliban Afirka tana yin taro sau ɗaya a shekara, abinci da rawa, bana kuma suna neman wanda zai yi ɗan wasan kwaikwayo. Na ce ai ga wasa nan a kwando kana zaune a kai. Na ce a kawo wani kawu daga Kano ya zo duba ɗan ƙaninsa da aka ce yana karatu da 'ya'yan manya, ya tarar da shi cikin irin kayan nan. Ina guga ina faɗa, shi yana rubutawa da Turanci a bayan takardar aji. Abin da na san ya ƙara nasa shi ne gyaran nahawu. Kayan wasa kuwa daga kwandon da ɗalibai suke mantawa da su na tsamo masa, har takalmin.

Ni na fito a kawu, da babbar rigar da na zo da ita daga gida. Shi ya shigo yana tafiya irin tasu, hannu ɗaya a aljihu, haɓa a sama. Na zagaya shi sau biyu, na durƙusa na leƙa ƙafarsa.

"Ɗana, ina safarka?"

"Kawu, ba a sawa."

"An sace?"

"Haka ake yi a nan."

"To wannan rigar sanyin da ka goya, ba ta da lafiya ne?"

Na kama gwiwar hannunsa na nuna wa jama'a facin, na ce ko a gwanjon Ƙofar Wambai in ka ɗaga wannan mai kaya zai ce ka ɗauka kawai ka yi masa addu'a. Na tambaye shi agwagin da ke wandonsa na wa ne, kuma mai su ya sani. A ƙarshe kawu ya zauna ya rubuta wasiƙa gida cewa a sayar da akuya a aiko wa yaro da kaya, Amurka ta talauce.

An yi dariya sosai. Waɗanda suka fi kowa dariya su ne waɗanda muke zagi. Ni na zaci za su ji haushi, har na shirya wa korar da za a yi min. Ana gamawa sai ga mai jan gashin nan ya hau dandamali, ya dafa kafaɗar mutumina, ya kwance suwaitar ya sake ɗaure masa ita sako-sako, ya ce haka ake yi, in ka matse ta sai ka zama kamar mai jin sanyi. Suka tafi da shi cin abinci a waje. Ni na tsaya naɗe kujeru da babbar rigata, tunda ma'aikaci ne ni kuma an san fuskata.

Ranar Litinin ya sauko da kayan wasan a jikinsa.

"Malam, wasa fa ya ƙare," na ce.

"Kwat ɗin ce ta yi datti."

"Kawo in wanke."

Bai kawo ba, ban kuma sake ganinta ba. Da sanyi ya kankama dugadugansa suka tsage, ya zo yana ɗingishi yana neman man kaɗe. Na ba shi, na ce ga safa ma sabuwa. Ya karɓi man ya bar safar. Daga baya saukowar ta ragu, sannan ta tsaya. Sai dai jakar wankinsa ta zo cikin na sauran, da 'yar takarda a maƙale da Turanci, cewa kada a sa sitati.

Ba na cewa ya yi laifi. Yaro ne shi kaɗai a ƙasar mutane, ya ga ƙofa ya shiga. Ni ma da na iya da na shiga. Ajin rubutun nan sau biyu ina faɗuwa, malamar ta ce ina rubutu kamar mai faɗa da takarda. Daga baya kwalejin ta ba wani kamfani na waje aikin wankin, aka sallame mu. Na ja tasi shekaru har bayana ya ƙi, na dawo kan abin da na gada, a wani shagon wanki a Tremont, inda nake har yanzu.

Labarinsa yana iso ni a masallaci, guntu-guntu. Ya gama, ya shiga banki. Ya bar banki ya koma wani babban kantin tufafi yana zaɓo musu kaya. Ya auri ƙanwar wani daga cikin yaran nan. Sannan ya buɗe nasa. Kayan da muka yi wa dariya su yake sayarwa, sai dai inda waɗancan suke sa tambarin ɗan doki ko kada a ƙirjin riga, shi ya sa ɗan ɗinkin hannu irin na wuyan kaftani. Sababbin riguna ake zubawa a inji da duwatsu a wanke su har kwalar ta fara ci, sannan a kai kanti. Sau biyu irinsu suna zuwa hannuna a shago. Ɗinkin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Daren da 'yata ta nuna min hirar ban karanta ba, sai washegari a jirgin ƙasa, a hankali, ina bi da yatsa. Ya ce komai ya fara ne daga wani wasan barkwanci da ya rubuta yana ɗalibi. Ya ce wani ma'aikacin kwalejin, mutumin kirki, ya taimaka masa da kayan sawa. Na karanta wurin sau uku, na wuce tashata.

Wani Alhaji ɗan Nijar mai shago a titin 125th Street shi yake haɗa mutumin nawa da masu ɗinkin hannu, ta wurinsa na aika. Bayan kwana goma wata yarinya ta kira ni ta ce ranar Talata, daga goma da kwata zuwa goma da rabi. Na ɗauka salon magana ne irin na ofis. Wa zai ba mutumin da ya ci dambunsa minti goma sha biyar?

Na sa shuɗiyar shaddata da hula, na sayi kilishi a wurin Alhajin. Matata ta bi ni har bakin ƙofa.

"Don Allah ka riƙe bakinka. Maganar mujallar nan ka bar ta a gida."

"Na ji."

"Ba ji nake so ba, yi nake so."

Ofishin yana can kudancin unguwar Manhattan, a hawa na sama, bango duk gilashi. Matasa suna kai da kawo, ban ga safa ko ɗaya ba. Ya fito da kansa ya buɗe hannuwa.

"Kawu. Kawu da kansa. Ashe kana nan?"

"Ina nan inda ka bar ni."

Ya yi dariya ya rungume ni. Hausarsa ta yi tsatsa amma tana nan. Kafin mu zauna ya tafa hannu ya tara ma'aikatan, ya ce musu ga kawun da yake ba su labari. Ya ce in yi musu wurin safar nan. Na dube shi. Shekarata hamsin da ɗoriya, ina da 'ya'yan ƙanne a Kano da suke durƙusa min. Na tuna 'yata zaune a falo da waya a hannu. Na durƙusa da shaddata na leƙa ƙafarsa na ce, "Ɗana, ina safarka?" Suka yi tafi. Wata ta kama hannun rigata tana tambayar sunan yadin, wani ya ɗauki hoton aikin wuyana. Rabin lokacin ya tafi a nan.

Muka shiga ofishinsa. Yarinyar da ta kira ni ta shigo ta zauna a gefe da allon na'ura a cinya. Muka gaisa gaisuwa ta gaske, ina gida, ina mutanen Kano, wa ya rasu wa ya rage. Na yi masa ta'aziyyar ubansa hedimasta. Maganar mujalla ta taso min har maƙogwaro na mayar da ita. Ya tambayi yara.

"Uku ne. Babbar mace ce, ta gama jami'a. Zanen tufafi ta karanta. Tana gida."

"Masha Allah. Allah ya sa albarka." Ya buɗe takardar kilishin ya shinshina. "Wannan na Nijar ne ko? Ya fi namu yaji."

A yadda aka rene ni, ba ka roƙon mutum kana zaune a kan kujerarsa, yana kallon idonka, ga kuma wani na uku yana ji. Kana gaisawa ne ka jefa alama, ka tashi. Mai gida ya taso ya taka maka zuwa zaure ko bakin titi. A nan, kuna tafe kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon wani, sai ka ce dama wata 'yar magana ce ta kawo ni. In zai yi ya ce an gama. In ba zai yi ba ya ce a bar shi ya duba, ku rabu da mutuncinku. Mutane suna cewa ba ni da tauna magana, kuma gaskiya ne, zagi da gaskiya ba sa min wuya. Roƙo ne ban san wata hanyarsa ba sai wannan. Tun a jirgi na jera kalmomin da zan faɗa tsakanin ƙofar ofishinsa da lifta mai saukar da mutane ƙasa.

Goma da rabi daidai yarinyar ta miƙe. Shi ma ya miƙe, ya miƙo hannu biyu ta saman teburi ya kama nawa.

"Kawu, kada ka daɗe ba ka leƙo mu ba. A gaida iyali."

Ya koma ya zauna, ya jawo wayarsa. Yarinyar ta riƙe min ƙofa. Na fita a hankali, na tsaya kamar ina gyara hula, na waiwaya. Ta cikin gilashin ya ɗaga min hannu, wayar tana kunnensa. A bakin lifta yarinyar ta tambaye ni ko akwai wani abu kuma. Na ce babu.

A hanyar komawa na yi tunanin in ce musu ya ce zai duba. Da ba wanda zai kama ni. Na tarar da su biyun a falo, matata ko mayafin da ta dawo da shi daga aiki ba ta cire ba.

"Ya ya ce?" in ji 'yata.

"Ban faɗa masa ba."

"Ba ka gan shi ba?"

"Na gan shi. Bai raka ni ba."

Ta dubi uwarta. Uwar ta yi mata bayani, rabi Hausa rabi Turanci, ta ƙare da cewa, "Ɗan Kano ne, ya sani sarai. Tunda ka ce tana gida ai ka gama magana."

'Yata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, kana zaune a gabansa. Jimla ɗaya ce. Da ya ce a'a ma da na san an tambaya."

Ban ba ta labarin durƙuson ba. Uwarta ma sai bayan wata guda na faɗa mata.

Washegari a lokacin hutun rana na tsaya a bayan shago na kira lambar, na yi niyyar in faɗa ko ta waya ce, ko ga yarinyar ce. Ta ce ya yi tafiya, in akwai buƙata a rubuto. Na ce wa 'yata ta rubuta da sunana in sa hannu. Ta ce a'a, ta riga ta tura nata ta shafin kamfanin kamar kowa, kuma ba ta ambace ni ba. Bayan mako uku amsa ta zo, irin wadda inji yake turawa, sun gode amma sun ɗauki wasu.

Wata rana in ce mutumin nawa ya gane ya share, wata rana in ce shekaru sun goge masa abin, ya zaci gaisuwa kawai na je yi. Matata ba ta da wannan shakkar. Ni kuwa ko wanne ne, bakina ne bai buɗe ba, kuma ba ni na biya ba.

Yanzu tana aiki a wani shagon tabarau a 125th Street, tana gwada wa tsofaffi gilashi. Da safe mukan fita tare zuwa tasha. Muna hira, ta tambayi bayana, in tambayi masu shagon nata. Kwanan baya Alhajin nan ɗan Nijar ya ce min ya san wata mata mai ɗinkin kayan amare da take neman mai zane, in ina so ya haɗa mu in yi mata magana. Na faɗa wa 'yata a kan dandamalin jirgi. Ta ce in karɓo mata lambar kawai, ita za ta kira.